Ƙanwar Mai Rarrafe

Ruwan bai yi sallama ba, ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo. Auta tana durƙushe tana cusa tsumma a bakin ƙofar falo, sai ta ga takalmin mahaifiyarta ya taso ya wuce ta gefenta, ƙafa ɗaya, yana juyi a hankali kamar mai neman ɗan'uwansa.

"Yaya! Ya kai idon sawu!"

Yayanta, wanda duk unguwa ke kira Kafinta, yana tsaye a tsakiyar falon da ƙaramar rediyo manne a kunne. Rana tsaka ce, amma gidan duhu ne kamar cikin tulu, don jiya ya bi kowace taga ya rufe ta da katako ta waje. An ɗauke wuta tun safe. Fitilar wayar Auta ce kaɗai ke haska su.

"Ki bar ihu, za ki firgita Inna," ya ce. "Kwalbati ne ya toshe. In ya tsagaita zai janye."

"Wa ya ce maka zai tsagaita?"

"Ba ki ji da kunnenki ba? Sun ce guguwar ta rage ƙarfi."

"Iskarta ce ta rage ƙarfi. Ƙara muryar mu ji sauran."

Ya murɗa ba da son ransa ba. Muryar mai hasashen yanayi ta fito a shaƙe, tana yankewa tana dawowa. Ya ce kada jama'a su ruɗu da laushin iskar. Ya ce ta shekarun baya da ta kwashe rufin gidaje a guje ta zo a guje ta wuce, shi ya sa ruwanta bai taka kara ya karya ba. Wannan kuwa tafiyarta ba ta kai ta mai ƙafa ba, ta ɗebo ruwa daga teku ta zo ta zauna a kan gari, ƙasa kuma ta riga ta ƙoshi tun ruwan makon jiya. Duk wanda ke kwari, ya hau tudu. Daga nan rediyon ta yi ƙara ta koma shuuu.

Auta ta miƙe, zaninta yana ɗiga. "Ka ji ko? Ba Mahaukaciya ba ce. Ƙanwar Mai Rarrafe ce."

Mutanen unguwar ba su taɓa riƙe sunayen da rediyo ke raɗa wa guguwa ba, nasu suke sa mata. Biyu ne suka zauna a bakin kowa. Mahaukaciya ita ce mai iska, wadda ta naɗe kwanon rufi kamar tabarma. Ita ta tashi da shagon Kafinta, wani kwano ya yanke masa yatsu biyu na hannun hagu. Lokacin Auta tana gidan mijinta a kan tudu, labari kawai ta ji. Mai Rarrafe kuwa ta girmi wannan da shekaru masu yawa. Ko ganyen bishiya ba ta karya ba. Ruwa kawai ta yi ta zubawa shiru, har gari ya koma tafki. Ita ta tafi da Babansu. Lokacin Auta tana yarinya a cikin wannan gida, Kafinta kuwa yana wani gari yana koyon sana'a, sai ta'aziyya ya tarar.

Kowannensu guda ɗaya ya gani da idonsa, kuma ita yake jira ta dawo.

Shi ya sa da Auta ta sauko da sassafe da ɗan tasi don ta ɗauke Inna zuwa tudu, Kafinta ya tare ƙofa. Ya ce gidajen tudu iska ke fara duka, shi kuwa ya mai da wannan gida akwati, ko aljani ba zai ɗaga shi ba. Suka yi ta sa-in-sa har ɗan tasin ya gaji ya tafi. Ita kuma ba ta iya juyawa ta bar uwarta ba.

"Mu fita yanzu," ta ce. "Ka goya Inna, ni in riƙe maganinta. Makarantar bayan kasuwa tana da bene."

Ya dubi ruwan da ke lasar ƙafar kujera. Ya ja tsaki, ya miƙa mata rediyon, ya zare sakatar ƙofa ya tura.

Ƙofar ƙarfe ce, waje take buɗewa. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sa kafaɗa, ya ja da baya ya sake bugawa. Wani abu mai nauyi ya amsa daga waje, gum, ƙarfe a kan ƙarfe. Ya leƙa ta ramin makulli ya daɗe, da ya ɗago fuskarsa ta sauya.

"Akwalar motar nan ta bakin layi ce. Ruwa ya kawo ta ya jingina mana."

"Motar da ba ta da taya?"

"Yau ta samu."

"To ƙofar baya."

Ya kau da kai. Auta ta haska fuskarsa.

"Yaya, ƙofar kicin."

"Ta waje na buga mata katako."

"Ai gudumarka tana nan. Ka doke ta ta ciki, ƙusoshin su fita."

"Ba za su fita ba." Ya share gumi da hannunsa mai yatsu uku. "Na lanƙwasa su. Kin san aikina."

Ta sani, kowa ya sani. Tun bayan Mahaukaciya, Kafinta ba ya buga ƙusa ya bar ta a miƙe. Doguwa yake sawa ta huda katako ta fito, sannan ya lanƙwasa bakinta ya mayar cikin itace kamar ƙugiya. Abin alfaharinsa ke nan. Yakan ce wanda zai cire aikinsa sai dai ya ƙona gidan.

Duk da haka suka shiga kicin. Ruwa ya kai ƙauri, robobi da murafen tukwane suna yawo suna karo da juna. Ya yi ta dukan ƙofar har gudumar ta fara zamewa daga hannunsa. Ƙofar ta tsage a tsakiya, amma katakon da ke bayanta yana nan daram, ruwa mai launin ƙasa ya fara tsartuwa ta tsagar a daidai ƙugunsa. A nan Auta ta gane na waje ya fi na ciki nisa, jira kawai yake a ba shi hanya.

"Bari! Bari haka, kana buɗe masa ne!"

Daga ɗakin ciki muryar Inna ta taso, a karkace kamar yadda take tun da ɓarin jikinta ya shanye.

"Ku 'yan nema, in kun gama rushe mini gida ku zo ku zubar da robar nan."

Suka same ta zaune a kan gadon ƙarfenta, ta jingina da bango, hannunta mai lafiya yana riƙe da carbi. A gefen ƙafarta akwai babbar roba da ke tare ɗigon rufi. Ta cika tana malala a kan katifa.

Wannan roba ita ce ma'aunin Inna. Duk ruwan da aka yi a garin, da ita take auna shi. Ta sha faɗa cewa Mahaukaciya da duk haukanta ko rabin robar ba ta kawo ba. Yau tun safe Auta ke zubarwa har kafaɗunta sun yi tsami, kafin ta juya ta sake cika.

"Inna, ina zan zubar? Ƙasan ma ruwa ne."

Inna ta leƙa gefen gado. Ta ga ɗayan takalminta yana shawagi. Ba ta firgita ba, sai ma ta gyaɗa kai kamar wadda baƙon da take jira ya iso.

"Ita ce," ta ce. "Haka ta shigo wancan karon, ba hayaniya. Kai mai ƙusa, me ka tsaya yi? Buɗe ƙofar Babanku."

Dukansu suka ɗaga kai. A silin, daidai saman gadon, akwai wani falanki mai kusurwa huɗu da ya bambanta da sauran, ruwa ya zana masa taswira. Ranar Mai Rarrafe, Baba, wanda tela ne, ya fasa wurin da almakashinsa na yankan yadi, ya ɓalle kwano ɗaya, ya tura Inna da Auta kan rufi. Sannan ya ce bari ya ɗauko kan kekensa na ɗinki, da shi ake ci. Auta tana tuna ƙeyarsa tana sauka cikin ramin, da tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ta yi ta kallon ramin har aka zo da kwalekwale. Bai fito ba.

Tun daga ranar Inna ta hana a gyara wurin. Da igiya take ɗaure kwanon ta ciki. Ya yi ta yoyo shekara da shekaru, in an yi magana ta ce wanda ya fita ta ƙofa ba a toshe masa ita. In ana ruwa kwanon yana motsi, takan ce, "Ga shi nan yana duba mu." Tun suna yi mata dariya har suka daina.

Kafinta bai motsa ba.

"Yaya, hau mana."

"Inna," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "jiya da kina barcin rana na hau."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Iska ta nan za ta fara shiga, Inna. In ta samu baki ɗaya, duk rufin za ta ɗaga. Na buga shi. Na ɗaure rufin da wayar ƙarfe, na jera bulo. A kan wannan guda biyu na ɗora, manya."

Ruwan sama yana ta zuba a kan kwano, sauti ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Inna ta dubi ɗanta.

"Ka rufe wa ubanka ƙofa."

"Na rufe wa iska ne."

"Ina iskar?"

Ko labulen ɗakin ba ya motsi.

Sai suka ji wani tsagewa daga kicin, kamar an karya rake. Ƙofar baya ta buɗe baki a tsakanin katakan, wanda bai isa mutum ya fita ba amma ya ishi ruwa shiga. Ya taho ta falo da gudu, ya bugi ƙofar ɗakin, ya haɗiye ƙafafun gado. Sanyinsa ya kama Auta a cinya har numfashinta ya ɗauke. Wani ƙadangare ya hau bango a guje.

"Ɗaga ta!" ta yi ihu.

Suka ciccibi Inna suka ɗora ta a kan babbar durowar kaya. Ba ta da nauyi, kamar damin kara. Kafinta ya jawo tebur ya hau da shi kan gado, ya taka, ya doke falankin silin da guduma. Ƙura da kashin ɓera suka zubo musu. Ya kutsa kai da kafaɗu cikin ramin, Auta ta miƙa masa wayarta ya haska. Tana jin sa yana nishi, yana dukan kwano, yana turawa da baya.

"Ya motsa?"

"Ina fa! Ba wurin da zan ɗaga hannu. Ga bulon nan a kaina, ina jin nauyinsa."

"Sake gwadawa!"

Ya sake, ya sake. Ya sauko da kai, jini yana bin goshinsa inda katako ya yanke shi. Ruwa ya rufe katifa, ya kai wa Auta ciki. Robar Inna ta taso ta fita ƙofa abinta.

"Auta," ya ce, bai kalle ta ba, "da na bar ki kin tafi da ita."

"Ka ajiye wannan sai mun fita, in zage ka a tsanake."

Ta hau gadon ta riƙe ƙafar tebur. Durowar da Inna ke kai ta fara rawa, ruwa yana neman ɗaga ta. Auta ta miƙa ɗaya hannun ta danne ta. Ta auna da ido: daga ruwa zuwa ƙafar Inna bai fi kamu biyu ba. Daga kan Inna zuwa silin, kamu ɗaya. Ƙamshin ɗakin ya koma irin na wancan ranar, laka da kananzir da tsohon yadi. Ta rantse har man keken ɗinki ta ji.

Sai aka ƙwanƙwasa.

Daga sama ne. Ba ɗigon ruwa ba ne, ba kuma reshe ba. Bugu ne na mutum mai ladabi, irin na wanda ya san akwai mata a ciki. Ya tsaya. Ya sake.

Kafinta ya daskare a kan tebur, guduma a hannu.

"Wane ne?" ya ce da ƙarfi. "Akwai mutane a nan! Wane ne a sama?"

Shiru, sai ruwa.

Inna ta gyara ɗankwalinta da hannu ɗaya, ta tura gashin da ya leƙo. Fuskarta ta yi wani haske da Auta ta manta tana da shi.

"Kai da Allah ka yi wa mutane shiru," ta ce. "Tura. Ya buɗe."

"Inna, yanzu na..."

"Na ce ka tura."

Ya koma cikin ramin. Auta ta ji ya ja numfashi, ta ji ya yi bisimilla. Sai wata ƙara doguwa, ƙiiii, haske fari ya faɗo cikin ɗakin tare da ruwan sama, ya sauka a kan fuskar Inna.

Ba su tsaya mamaki ba. Auta ta kwance mayafinta, suka ɗaura Inna a bayan Kafinta, suka ƙulle a ƙirjinsa.

"A hankali, ɗan banza," Inna ta ce a kunnensa. "Ni da na goya ka ban buga kanka da silin ba."

Ya taka tebur, ya kama katakon rufi, ya ja jikinsa da yatsunsa takwas. Teburin ya goce daga ƙarƙashinsa ya kife. Auta ta sa kafaɗa ta tokare tafin ƙafarsa, ruwa yana shiga bakinta, har ta ji nauyin ya bar ta. Sannan hannunsa ya dawo ta ramin ya damƙi wuyan hannunta. Tana fita, ta ji durowar ta faɗi a ƙasa da wani irin nishi.

A kan rufi suka zube su uku. Auta ta rungume Inna ta baya, tana jin bugun zuciyarta a tafin hannu, ƙarami amma yana nan. Ta sa fuska a wuyan tsohuwar ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

Da ta ɗago, ba ta gane unguwar ba. Layinsu ya zama kogi. Rufin gidaje ne kawai a jere, kowanne da bulo da tayoyi da duwatsu a kansa, an danne shi da kyau saboda iskar da ba ta zo ba. Daga ƙarƙashin wasu ana jin bugu. Sama ta sauko ƙasa ƙasa, toka ɗaya daga gabas har yamma, ba ta tafiya ko'ina.

Kafinta yana durƙushe a bakin ramin yana duba aikinsa. Ya ɗaga katakon da ya buga kwanon a kai, ya murtsuke shi da yatsa, ya ruguje kamar burodi.

"Ruɓewa ya yi," ya ce. "Yoyon shekaru ya cinye shi, ƙusa ba ta da abin kamawa. Shi ke nan. Ba wani abu ba ne."

"Bulon fa?" Auta ta ce.

Suka duba. Bulo biyun suna can gefe, nesa da ramin, an ɗora ɗaya a kan ɗaya, baki ya yi daidai da baki.

"Mai Kaji ne," ya ce da sauri. Maƙwabcinsu ke nan, tsohon da ya saba tsallako katanga ya ɗauki abin da ba nasa ba. "Ya zo satar bulo ya danne akurkinsa, ruwa ya kore shi."

Auta ta san ba shi ba ne. Da safe, a hanyarta ta saukowa, ta ga Mai Kaji a bayan motar ɗansa, da kejin kaji a cinya, sun nufi tudu. Kuma bulon yana kan kwanon lokacin da Yaya ya fara turawa, shi da bakinsa ya faɗa. Ta dubi Inna. Inna tana kallon ramin, inda ruwa ya kusa taɓa silin, tana murmushi da rabin bakinta mai motsi.

"Kullum sai ya jera abu," ta ce. "Ko yadi ne, sai baki ya haɗu da baki."

Wani sauti ya taso daga ƙarshen layi, fat, fat. Kwalekwale ne, ƙarami, ya lotsa da mutane har ruwa yana lasar bakinsa. Mai tuƙin dogo ne, sanye da rigar ruwa baƙa mai hula, ba su taɓa ganinsa a unguwar ba. Ya wuce rufi biyu da ake ɗaga masa hannu, ya nufo nasu kai tsaye, ya kama bakin kwano da hannu ɗaya.

"Sannunku," ya ce. Ya ƙirga su da ido, ya leƙa bayansu. "Ina dattijon?"

"Wane dattijo?" Kafinta ya ce.

"Wanda ya yi ta yafito ni tun daga bakin kasuwa. A nan yake tsaye, da wani abu rataye a wuyansa kamar igiya. Don shi na biyo ta nan."

Auta ta ji hannun Inna ya matse nata.

Mutumin ya share ruwa daga fuskarsa, ya waiga wajen duwatsun da ke bayan gari, inda sama ta fi baƙi.

"To, ku kira shi, ba lokaci. Wannan da kuke gani na garin nan ne kawai. Wanda ya zuba a kan duwatsu bai iso ba tukuna, kuma daga wajen madatsa nake, bangonta ya fara tsagewa." Ya dubi cikin kwalekwalensa, ya dube su. "Wurin mutum biyu gare ni. Ku zaɓa."

A ƙarƙashinsu, daga cikin ɗakin da ruwa ya cika, aka sake ƙwanƙwasawa.